Yaro Mai Furfura

Kwanan baya wata babbar mota ta ƙwace wa direbanta a unguwarmu, ta rushe katangar wani maɗinki, saura kaɗan ta haɗa da shi da kekensa. Kafin ƙura ta lafa mai motar ya iso yana haki, yana rantsuwa wai shi bai aiki direban nan ko'ina ba, wai ma ba wani sani ya yi masa ba. Kwana biyu kafin nan kuwa a kunnena ya kira shi "yarona". Jikokina suka yi ta salati suna tafa hannu. Ni ko gezau. Na ga wanda ya fi shi gwaninta a wannan sana'a tun zamanin Jamus, a nan Garwa, kuma wancan bai yi ƙarya ba, ko ta kalma ɗaya.

A lokacin gemuna ya fito, na yi aure, matata tana ɗauke da cikin fari, amma ni yaro ne. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A bakinmu yaro ba shekaru ba ne. In ka shiga hannun wani attajiri, kana cin tuwon gidansa, kana kwana a ɗakin da ya ba ka, ya yi maka aure, yana ɗinka maka riga duk Sallah, to kai yaronsa ne ko da haƙoranka sun zube, shi kuma ubangidanka. Ba bauta ba ce, kana iya tafiya ran da ka ga dama. Ƙafarka da bayanka nasa ne muddin kana gidan. Abin da kake samu kuwa, wanda ya fi tuwo da riga, shi ne inuwa. In ka yi ɓarna a kan aikensa ba kai za a nema ba. Jakin da kake kora ya ci dawar wani, zauren maigida za a je. Ka fasa wa wani kai a kan kayan maigida, shi zai tsaya gaban alƙali, in ya so ya dawo gida ya ci mutuncinka a tsakaninku. Hausawan Garwa sun san haka, Fulani sun sani, masuntan bakin Binuwai ma sun sani.

Ubangidanmu jikan wani Bakano ne da ya zo da goro ya zauna. Kakan ya taka hanya har tafin ƙafarsa ya zama kamar ƙirgi, uban ma ya taka. Jikan kuwa tun da ya gaji gida iyakar tafiyarsa daga zaure zuwa masallaci, ita ma sai an riƙe masa buzu. Mutum ne mai ƙaton rawani da ƙamshin turare, kuma yana da abin alfahari guda biyu. Na farko, wai shi tun da ya balaga bai taɓa yin ƙarya ba. Na biyu, wai shi ba ya ƙaunar Nasara. In aka busa ƙaho a bariki sai ya tofar da yawu ya ja tsaki, ya ce Allah ya kawo ƙarshen zalunci. Washegari mu za a ɗora wa danko da ƙiraga mu kai wa Nasaran nan kantinsu na bakin kogi, ya bi mu da addu'ar Allah ya sa ma'auninsu ya yi nauyi.

Rigunan Sallarmu kuwa duk daga saƙi ɗaya ake yanka su, shuɗi mai ratsin fari, da wani ɗan jan zare a bakin aljihu. Da gangan ya sa ake yin haka. Yana son in mun bi bayansa zuwa Idi, ko an gan mu a kasuwa, a ce waɗannan yaran gidan wane ne. Duk Garwa ba wanda bai san rigar nan ba.

Babbanmu wani dattijo ne da kowa ke kira Baba. Tun zamanin mahaifin maigida yake gidan. Shi ya ɗauki maigida a wuya ya ƙetare da shi koguna a hanyar Tibati, lokacin maigida bai fi a tsaga masa goro a ɓoye masa rabi ba. Takarkarai ke hannunsa, shanun ɗaukar kaya, ya san halin kowanne kamar shi ya haife su. Gemunsa fari fat. In aka yi baƙi maigida yakan sa a kira shi, ba don wani aiki ba, don dai ya nuna shi ya ce, "Wannan yarona ne, gadonsa na yi wurin mahaifina." Baba ya durƙusa ya gaishe su yana murmushi. Abin na yi masa daɗi, Allah ya sani.

Jirgin Turawa ba ya zuwa Garwa sai Binuwai ta cika da damina. Ya yi 'yan kwanakinsa, da ruwa ya fara ja da baya sai ya juya, wanda kayansa bai shiga ba sai baɗi. A shekarar da nake magana dankonmu ya makara a hanyar Tibati. Ran da ya iso, da hantsi, sai ga labari wai jirgi zai tashi kafin azahar. Maigida ya fito tsakar gida ba rawani, abin da ban taɓa gani ba, yana ihu a ɗaura kaya.

Hanya biyu ce zuwa bakin kogi. Akwai ta baya, mai zagaye, ba kowa a kanta. Akwai miƙaƙƙiya wadda Jamus suka sa aka share, ita ce ke bi ta wurin da mata masu tukwane ke baza kayansu. Maigida ya ce mu bi miƙaƙƙiyar, kuma mu kora da sauri.

Baba ya ce, "Maigida, jan san nan ba ya son kukan jirgi. Bara ma sai da ya kusa karya ni. A bar mu mu bi ta baya, in Allah ya so za mu riske shi."

Maigida ya ce, "Baba, sa nawa ne, kaya nawa ne, kai ma nawa ne. Ku bi inda na ce. In wani abu ya faru, a wuyana."

Ina tsaye ina riƙe da igiyar baƙin sa, tsakanina da su bai fi taku uku ba. Na ji wannan magana da kunnuwana biyu.

Muna isa daidai wurin tukwane jirgi ya yi kukansa. Jan sa ya zabura, igiya ta zare fatar tafin hannun Baba, ya faɗa cikin matan nan da kaya a bayansa. Duk suka watse, sai ɗaya da ta tsaya janye tulunanta. Ya banke ta, ya taka ta. Na ji ƙarar ƙashin daban da ƙarar tukwanen. Mata ce mai matsakaicin shekaru daga wani ƙauye a hayin kogi, mijinta ya mutu, da tukwanen nan take ci da kanta da 'ya'yanta. Ƙafarta ta karye a ƙasan gwiwa, ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Baba ya bar shanu ya durƙusa a kanta yana salati. Ni na tattara takarkarai na ƙarasa da su, kaya suka shiga jirgi.

Da na koma gida na faɗa wa maigida abin da ya faru, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "To, kayan dai sun shiga?"

Washegari ƙanen matar ya zo zaure, kamar yadda ake yi. Masunci ne, Hausarsa gauraye da Fillanci. Bai zo da faɗa ba. Ya ce yayarsa da ƙafa take taka yumɓu, da ƙafa take kai tukwane kasuwa, yanzu ba ƙafar. A kira mata maɗori na kirki, a ci da gidanta har ta miƙe, shi ke nan. Ga mutumin da ke da shanu a ruga uku, wannan ba abin da za a tashi zaune a kansa ba ne. Maigida ya ba shi goro, ya yi masa jaje da murya mai taushi, ya ce ya dawo bayan Jumma'a. Mutumin ya ce "Useko," wato na gode, ya tafi yana ganin magana ta ƙare.

Kafin Jumma'ar sai ga tafintan bariki a zaurenmu. Wani siririn mutum ne da ya yi yawon bakin teku ya tsinto bakin Turawa, yana sa takalmin soja da ya fi ƙarfin ƙafarsa, yana tafiya ƙwas ƙwas don kowa ya ji. A da in ya wuce maigida kan kira shi karen bariki. Ran nan aka shimfiɗa masa buzu, aka kore mu waje. Da zai tafi ni aka ba rago da turmin yadi na bi shi da su har gida.

Kwana biyu sai muka ji wai tun da abin ya faru a hanyar da Jamus suka share, shari'ar ba ta alƙali ba ce, ta Bature ce. Da gaban alƙali aka je, kafin ya gama tauna goro ɗaya an gama. Zai dubi rigar Baba ya dubi maigida ya ce a biya. Shi ya sa mai tofar da yawu in an busa ƙaho ya ga ba inda adalci yake sai bariki.

Baba bai damu ba. Ya wanke rigarsa ta Sallah, ya kai aka buga ta tana ƙyalli. Na ce masa, "Baba, anya? Tafintan nan fa bai zo gaisuwa ba."

Ya ce, "Kai, ɗan nan, bar wannan zance. Shekara nawa ina gidan nan? Mahaifinsa ya taɓa tsaya mini a Ngaundare a kan abin da ya fi wannan. Gidan nan ba ya barin nasa a rana."

Da safe muka hau bariki, maigida a gaba, mu uku a bayansa cikin riga iri ɗaya. Aka ɗauko matar a kan ƙyauren kara aka ajiye ta a inuwar baranda. Baturen saurayi ne, wuyansa ja wur, yana korar ƙuda da wata 'yar bulala, karensa kwance a ƙafarsa. Ka gan shi ka ga wanda ke son a gama ya je ya ci abinci. A bayansa boyinsa na tsaye da tulun ruwa, shi ma dattijo, furfura har gira.

Ƙanen matar ya fara. Ya faɗi yadda abin ya faru, bai ƙara ba bai rage ba, ya rufe da cewa, "Wannan dattijo yaron wancan ne. Wurin ubangidansa muke neman hakkinmu."

Tafinta ya juya ya yi wa Bature 'yar gajeriyar magana. Bature ya daina korar ƙuda. Ya dubi farin gemun Baba, ya dubi baƙin gemun maigida, ya ɗaga gira ya yi tambaya.

Tafinta ya ce wa maigida, "Bature ya ce, kai ka haifi wannan?"

Maigida ya dafa ƙirji. "Ni? Wallahi ban haife shi ba, ranka ya daɗe. Ai ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ya goya ni ma."

"Sa fa, na wane ne?"

"Sa nawa ne. Amma igiya a hannunsa take, ni ina zaurena."

Duk gaskiya. Ka ɗauki kowace kalma ka juya ta ka ƙwanƙwasa, ba za ka sami tsaga ba.

Aka juyo kan Baba. Tafinta ya ce, "Kai tsoho, Bature ya ce mene ne wannan mutum a wurinka?"

Baba ya gyara durƙuso, ya shafa gaban rigarsa, ya ce, "Ubangidana ne."

Tafinta ya juya ya faɗi kalma ɗaya. Bature ya fashe da dariya har ya jingina da kujera, kare ya tashi yana haushi, sojoji suka kama dariya don Bature ya yi. Baba ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, bai san abin da ya faɗa ba.

Ni ma ban sani ba sai daga baya, da kukun bariki, wanda maƙwabcin surukina ne, ya warware mini. Ya ce a bakin Jamus kalmar bara daban, kalmar ɗan da aka haifa daban. Da masunci ya ce yaro, tafinta ya ɗauki ta ɗan haihuwa ya miƙa wa Bature. Da Baba ya ce ubangida, sai ya raba kalmar biyu, ya jefar da gida, ya miƙa uba. Abin da Bature ya ji ke nan: ga tsoho tukuf ya yi ɓarna, ya zo gaban hukuma yana cewa wannan mai baƙin gemu ne ya haife shi, don uban ya biya masa. Shi ma tafinta in ka tsare shi zai ce maka bai yi ƙarya ba, ai yaro yaro ne, uba uba ne. Rago ɗaya da turmi ɗaya suka sayi rabin kalma.

Kada wani ya ce Baturen ba shi da laifi tun da yaudararsa aka yi. Mutum ya ƙetaro teku ya zo yana yanke wa mutane hukunci, amma bai ga ya kamata ya koyi kalma biyu da suke rayuwa a kansu ba. Ga boyinsa mai furfura tsaye a bayansa, da ya waiga da ya gane. Ga mu uku a gabansa da riga iri ɗaya har da jan zare. Karensa ma na tabbata ya san gidan da muke ci.

Amma ba zan tsallake kaina ba. Bayan dariya ta lafa Bature ya dubi jama'a ya yi wata tambaya. Tafinta ya faɗe ta da sauri, ƙasa ƙasa, kamar mai haɗiye tuwo da zafi: ko akwai mai wata magana? Na ji shi sarai. Maganar tana bakina, kalma biyu ce ma, "a wuyana". In na faɗa da ƙarfi, da Hausa da Fillanci, ko tafinta ya murɗe ta jama'ar wurin sun ji, kuku ya ji, sojoji Hausawa sun ji. Maigida ya waigo. Bai dubi fuskata ba, rigar jikina ya duba. Na tuna ɗakin da nake kwana na wane ne, na tuna cikin matata ya tsufa. Na sunkuyar da kai ina kallon tururuwa. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni kamar jiya aka yi.

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. Bulala ashirin da biyar ɗin nan da Jamus suka yi suna da ita, saboda wai Baba ya yi wa Bature ƙarya ido da ido. Sannan sarƙa, aikin hanya, sai bayan kaka. Matar kuwa, Bature ya yi mata adalci ƙwarai, ya ce a biya ta daga dukiyar tsohon. Dukiyar Baba tabarma ce da buta da sanda. Masunci ya buɗe baki zai yi magana, wani soja ya nuna masa gindin bindiga.

Da za a kwantar da shi, soja ya kama wuyan rigar zai fizge. Baba ya ce ya dakata. Ya cire ta da kansa, ya ninke ta a hankali yadda ake ninke rigar Sallah, ya miƙo mini. Ya ce, "Riƙe, kada jini ya ɓata ta." Bai dubi maigida ba, ina jin kunyar kallonsa yake ji, kunyar da shi maigidan ya kamata ya ji.

A hanyar komawa maigida ya ce mana, "Kun dai ji da kunnenku, ban yi ƙarya ba." Muka ce haka ne. Da muka isa ya sa aka yi waina aka raba sadaka, Allah ya fid da shi. Da la'asar baƙi suka taru a zaure, aka busa ƙaho a bariki, ya tofar da yawu ya ce, "Kafiran nan ba su san girman furfura ba. Ku dubi abin da suka yi wa Baba." Har da share ido da bakin rawani. Baƙi suka yi ta ba shi haƙuri.

Aka ba ni takarkarai, na zama babba. Matata ta haihu lafiya, maigida ya ba da ragon suna, aka yi ta yabonsa. Rigar Baba na ajiye ta a ƙasan adakar matata. Sau biyu na ga 'yan sarƙa a hanyar Marwa suna ɗaukar duwatsu a ka, na hango farin gemu a cikinsu, na karkata shanu na bi wani wajen. Matar kuwa danginta suka yi mata ɗorin da suka iya. Ƙafar ta kama a karkace, ta gajarce, ba ta ƙara taka yumɓu ba.

An sako Baba ana saura kwana kaɗan ƙaramar Sallah. Bai zo gida ba, ba wanda ya san inda ya sauka. Sai ranar rabon riguna da hantsi ina ba shanu dusa na ji sallama a bayana. Ya rame har na kusa kasa gane shi, ga sawun ƙarfe ya zagaye wuyansa, fatar wurin ta yi fari. Na durƙusa na gaishe shi. Bai yi mini ƙorafi ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya tambayi lafiyar jariri, ya tambayi jan sa, sannan ya ce in ɗauko masa ajiyarsa.

Zaure ya cika, don maigida ba ya rabon riga sai da 'yan kallo. Ga riguna a jere gabansa. Ya ɗaga murya ya ce, "Ina yara?" Muka shigo muka durƙusa. Sai ga Baba a bakin ƙofa. Maigida ya ɗan yi turus, amma gwani ne, nan da nan ya washe baki.

"Allahu akbar! Baba! Jama'a, ga yarona ya dawo. Wallahi tun da aka tafi da shi ban yi barci mai daɗi ba." Ya janyo wata riga daga ƙasa, ta fi namu kyau, har da aiki a wuya. Ashe ya ji labarin sakin, ya shirya. "Zo ka karɓa, Baba, taka daban ce bana."

Baba ya tako har gabansa. Bai durƙusa ba. Tun da nake ban taɓa ganin tsawonsa a cikin zauren nan ba sai ran nan. Ya sunkuya ya ɗora tsohuwar rigar, a ninke yadda ya ba ni ita, a kan sabuwar.

Ya ce, "Ka faɗa a gaban Bature na girme ka, ni na goya ka. Kowa kuwa ya san ba ka ƙarya." Ya nuna tsohuwar rigar. "To, yaro, ga rigarka."

Zaure ya yi tsit. Wani baƙo ya yi tari don ya danne dariya, bai iya ba. Maigida kuwa, rawanin nan kamar ya yi masa yawa. Baba ya yi wa jama'a sallama ya fita da sandarsa da butarsa.

Hayin kogi ya tafi, ƙauyen matar. Ya ce Bature ya ce a biya ta daga dukiyarsa, shi kuwa da ya duba bai ga yana da komai ba sai ƙafa biyu. Shi ya riƙa taka mata yumɓu, ita tana zaune tana gini, ran kasuwa ya ɗauko tukwanen a ka ya kawo Garwa. Dattijo Bahaushe da farin gemu cikin laka har gwiwa yana aikin mata, 'yan gari suka samu abin dariya na shekara guda, sannan suka gaji suka bari. Haka ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, a can aka binne shi.

Amma ban gama da zauren ba. Bayan fitar Baba maigida ya ga shirun ya yi yawa, ga sabuwar riga mai aiki a wuya ba mai ita. Ya zare ta daga ƙarƙashin tsohuwar, ya duba cikinmu, idonsa ya tsaya a kaina. Ya ce, "Kai, zo. Kai ne babban yarona yanzu."

Na matsa a durƙushe, na miƙa hannu biyu, na ce Allah ya ƙara arziki. Ta ɗan yi mini tsawo, matata ta rage ta kafin Idi.